Murhu Mai Dahuwa Da Zafin Rana

Itacen girki yana ƙara tsada, daji kuma yana ƙarewa. Amma rana kyauta ce daga Allah. 'Yan makaranta suna iya haɗa murhu mai dahuwa da zafinta.

Ga kayan aiki: kwali 2, babba da ƙarami, da gilashi, da takarda mai ƙyalli, da baƙar tukunya mai murfi.

A saka ƙaramin kwali cikin babban. A cike tsakaninsu da ƙaiƙayi. A manna takarda mai ƙyalli a cikin ƙaramin, da kuma jikin marfin babban. A sa tukunya, a rufe da gilashi. A jingine marfin yadda zai mayar da haske ciki.

Haske yana ratsa gilashi. Baƙar tukunya tana shan zafi kamar baƙar riga. Gilashi da ƙaiƙayi suna hana zafin fita.

A ɗora girki da hantsi, a riƙa juya kwalin yana fuskantar rana. Shinkafa takan nuna cikin awa 2 zuwa 3. Ranar hadari ko hazo sai a koma ga itace.

Hattara: kada yara su kalli ƙyallin, yana lahanta ido. Babba ne zai sauke tukunya, da tsumma.