Kundin girke-girke na gida

Kundin girke-girke na gida tarin bayanai ne a kan yadda ake haɗa abinci da dafa shi, wanda mutum ɗaya ko iyali ke tarawa don amfanin kansu. Yakan kasance a littafin rubutu, ko a kan ƙananan katuna cikin akwati, ko takardun da aka yanko daga jaridu da mujallu, a wannan zamani kuma a waya ko kwamfuta. Ya bambanta da littafin girki da ake bugawa don sayarwa, domin shi ba ya kammaluwa: ana ƙara masa, ana sokewa, ana gyara awo a gefen shafi, kuma sau da yawa yakan bi ta hannun uwa da 'ya da jika.

Tarihi

Rubutattun girke-girke mafiya daɗewa da aka sani suna kan allunan yumɓu na ƙasar Babila, a Iraƙi ta yau, waɗanda aka rubuta wajen shekara ta 1750 kafin haihuwar Annabi Isa. Suna ajiye a Jami'ar Yale da ke Amurka, kuma ɗaya daga cikinsu na ɗauke da girki 25 na romo da miya. Galibinsu ba su faɗi awo ko tsawon lokacin dahuwa ba, saboda an rubuta su ne don wanda ya riga ya iya girki. A ƙarni na 10, Ibn Sayyar al-Warraq ya tattara girke-girke sama da 600 a Bagadaza cikin littafinsa Kitab al-Tabikh.

Kundin gida irin wanda aka sani yau ya yaɗu a Turai daga ƙarni na 16 zuwa na 18, musamman a gidajen masu hali na Ingila. Matan gida kan rubuta girki da haɗin magani a littafi guda, tare da sunan wadda aka karɓo kowanne daga wurinta. Wani sanannen misali shi ne kundin Martha Washington, matar shugaban Amurka na farko. Ta gaje shi daga dangin mijinta na fari, ta riƙe shi kusan shekara 50, sannan ta ba jikarta a 1799.

Tsarin rubuta girki ya canza a ƙarni na 19. Eliza Acton ta Ingila, a littafinta na 1845, ta riƙa jera kayan haɗi da adadinsu da lokacin dahuwa, ita kuma Fannie Farmer ta Amurka ta yaɗa awo da kofi da cokali a shafe, ba tare da tozo ba, a littafinta na 1896. A ƙarni na 20 akwatin katuna ya zama ruwan dare a gidajen Amurka. Katin da aka fi amfani da shi mai inci 3 da inci 5 ne, wato kimanin santimita 7.6 da 12.7.

Darajar irin wannan kundi takan wuce batun abinci. A sansanin Terezin da 'yan Nazi suka tsare Yahudawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wasu mata da yunwa ta addaba sun rubuta girke-girken gidajensu daga ka. Mina Pächter, wadda ta rasu a sansanin a 1944, ta damƙa kundin ga wani don ya kai wa 'yarta. Sai bayan shekara 20 da 'yan kai ya isa hannun 'yar a birnin New York, aka kuma buga shi a 1996.

Tsarawa

Hanyar da aka fi bi ita ce rarraba girki bisa nau'in abinci: miya, tuwo da sauran abincin hatsi, nama da kifi, kayan fulawa, abin sha. Wasu kan bi babban kayan haɗi, wasu kuma lokaci, kamar abincin azumi, na salla ko na suna. Jeri bisa haruffa ya fi sauƙin farawa amma ya fi saurin kasawa, domin mai nema ya fi tuna abin da ke cikin girkin a kan sunan da aka ba shi.

Littafi mai ɗinki yana da matsala guda: ba a iya cusa sabon shafi a tsakiya. Maganinta shi ne a sa wa shafuka lamba, a bar shafi biyu ko uku na farko don jerin abin da ke ciki. Katuna da fayil mai zobe ba su da wannan matsala, amma kati ɗaya yana da sauƙin ɓata. Masu dogon kundi kan ware girkin da aka gwada daga wanda aka ajiye da niyyar gwadawa wata rana, saboda kashi na biyu ne ke cika akwati ba tare da amfani ba.

Awo

A nan ne yawancin kundaye ke rasa amfaninsu idan suka canza hannu. Kofin awo na Amurka kusan mililita 237 ne, na Ostireliya kuwa 250. Babban cokali mililita 15 ne a yawancin ƙasashe, amma 20 ne a Ostireliya. Zafin tanda da aka rubuta 350 a littafin Amurka ma'aunin Faranhait ne, daidai da kimanin digiri 177 a ma'aunin Salshiyos. Wanda ya ɗauke shi a matsayin Salshiyos zai ƙona abincinsa.

A ƙasar Hausa, inda aka fi koyon girki da ido da baki a madafa, awon ya dogara ne ga mudu, tiya, gwangwani da ludayi. Girman mudu yakan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma umarni irin na "a zuba daidai" ko "a bari sai ya yi" ba ya amfanar wadda ba ta taɓa ganin an yi ba. Don haka mai rubuta girkin masa, alkaki ko dambun nama daga bakin wata dattijuwa zai fi kyau ya tsaya a gabanta tana yi, ya auna abin da ta ɗiba kafin ta zuba, ya rubuta shi da giram ko mililita kusa da nata awon. Ana kuma so a rubuta alamar dahuwa, kamar launi, kauri ko ƙamshi, da yawan mutanen da girkin zai ƙosar, da sunan mai girkin da shekarar da aka karɓa.

Adana takarda

Madafa ita ce wuri mafi muni ga takarda, saboda tururi, maiƙo da zafi. Idan danshin iska ya daɗe sama da kashi 65 cikin 100, takarda kan yi fumfuna, abin da ke yawan faruwa da damina. Gara, kyankyaso da ɓera su ma suna cin takarda da gam. Shawarar masu adana kayan tarihi ita ce a ajiye asalin rubutun a busasshen wuri mai duhu, nesa da ƙasa da bango, a riƙa girki da kwafi.

Takardar jarida tana komawa rawaya ta yi ƙarmas saboda asid da ke cikinta, kuma tana ɓata takardar da ke manne da ita. Rubutun da ke kan takardar rasit ta na'ura mai zafi yakan goge da kansa. Salatif yana barin tabo mai wuyar fita, ƙarfen matse takarda kuma yana tsatsa. Laminatin, wato manne takarda cikin leda da zafi, ya dace da kwafin da ake taɓawa da jiƙaƙƙen hannu, amma bai dace da asali ba, domin ba a iya cire shi ba tare da lalata takardar ba. Rubutun fensir ya fi na yawancin tawada jure haske da ruwa.

Adanawa a na'ura

Ɗaukar hoton kowane shafi yana adana rubutun hannun mai shi, sake bugawa a kwamfuta kuma yana ba da damar nema da kalma ɗaya, don haka wasu kan haɗa biyun. Ajiye mahaɗin intanet kawai ba adanawa ba ne, tunda ana iya goge bidiyon YouTube ko rubutun Facebook a kowane lokaci. Manhajoji ma suna mutuwa: an rufe ZipList, wadda mutane ke ajiye girke-girke a cikinta, a ƙarshen 2014, aka bar masu amfani da ita da aikin kwashe kayansu zuwa wani wuri. Girkin da aka turo ta WhatsApp kuwa yana iya tafiya tare da wayar idan ta faɗa ruwa ko aka sace ta.

Ƙa'idar da aka saba bi wajen adana bayanan kwamfuta, wadda ake kira 3-2-1, tana aiki a nan: kwafi 3, a kan ma'adana iri 2, ɗaya kuma a wani wuri dabam da gidan. Fayil na PDF ko na rubutu zalla ya fi tabbas a kan tsarin da manhaja ɗaya tak ke iya buɗewa.