Bindigar Yaro Mafarauci a Ƙasar Amurka

A karkarar Amurka, inda farautar barewa take al'ada ce da ake gada kaka da kakanni, idan kaka ta kama iyaye sukan shiga muhawara a kan mas'ala guda, wato wane irin harsashi ya dace da yaron da ya kai shekara 10 ko 12, wanda za a fita da shi daji karo na farko. Abin da suke kira kaliba shi ne faɗin ramin bakin bindiga, ana auna shi da inci ko da milimita, sai dai da nau'in harsashin gaba ɗaya ake sanin nauyinsa, da yawan albarushin da ke tura shi, da kuma ƙarfin shurin da bindiga za ta yi wa kafaɗar mai harbi.

A kan wannan shuri maganar take. Domin kuwa yaron da aka ɗora wa babbar bindiga irin .30-06, wadda sojojin Amurka suka fara amfani da harsashinta a 1906, idan ta buge shi sau ɗaya ko sau biyu, sai tsoro ya zauna masa a jiki, har ya zama duk sa'ad da ya kai yatsa ga kunama sai ya runtse ido, ya ɗage kafaɗa, ya fizgi bindigar tun harsashi bai fita ba, alhali kuwa malaman harbi sun yi ittifaƙi a kan cewa wannan illa ta fi wuyar cirewa fiye da koya wa wanda bai taɓa riƙe bindiga ba. Saboda haka galibi da ɗan ƙaramin harsashin nan .22 Long Rifle ake farawa, wanda ya fito tun 1887, mai araha, mai sauƙin ƙara, wanda kusan ba ya shuri, ana harbin gwangwani da takarda, daga baya zomo da kurege.

Amma fa barewa tana da nata haƙƙin. Harsashin da ya ishi kurege sau da yawa ba ya yi wa barewa komai face rauni, ta gudu da shi cikin kurmi ta mutu bayan kwanaki, kuma wannan azabtarwa ce da hankali da shari'a duka suka ƙi. Shi ya sa jihohi da yawa suka haramta farautar barewa da shi, a Ingila ma dokar 1991 ta shar'anta kada faɗin harsashin farautar manyan bareyi ya gaza inci .240. Tsakanin raunin yaro da haƙƙin dabba ne aka samo matsakaici, wato .243 Winchester, wanda aka fitar a 1955, shurinsa kusan rabin na .30-06, ga shi yana kayar da barewa cikin ɗan lokaci in an same ta a bayan kafaɗa. Masu son abin da yaro zai girma da shi sukan zaɓi 7mm-08 na 1980, ko 6.5 Creedmoor na 2007. A ra'ayina .243 ya wadatar, sauran yawanci kwaɗayin uba ne da aka laƙaba wa ɗa.

Akwai kuma abin da ake yawan gafala da shi, wato tsawon gindin bindiga. Na manya yakan kai inci 13 da rabi daga kunama, na yara kuwa wajen inci 12, kuma in ya yi wa yaro tsawo, sai ka gan shi ya miƙe hannu, ya gantsare baya, katakon ya zame daga lungun kafaɗa ya sauka a kan ƙashin damtse, inda ko ƙaramin harsashi ciwo zai ji masa. Haka nan bindigar da ta cika sauƙi ta fi mai nauyi shuri. Ƙarar kuma takan haura ma'aunin desibel 140, don haka toshiyar kunne wajibi ce.

Hukuma ba ta bar al'amarin ga iyaye kaɗai ba. Tun daga 1949, lokacin da jihar New York ta fara wajabta darasin kiyaye haɗari kafin a ba da lasin farauta, sauran jihohi suka bi sahu, kuma a mafi yawansu ƙaramin yaro ba ya farauta sai da baligi a kusa da shi.