Damben biri na ƙasar Sin: faɗa ne ko wasan kwaikwayo?

Duk wanda ya kalli finafinan kunfu ya san shi: mutum ya tsuguna, ya lanƙwashe hannuwa, yana sosa kai yana ƙyafta ido, sai ka ga ya yi tsalle ya wuntsila, ya faɗo ma abokin karawarsa ta inda bai zata ba. Wannan shi ne "houquan", wato damben biri, ɗaya daga cikin dabarun faɗa na ƙasar Sin da aka kwaikwayo daga dabbobi, kamar na damisa, maciji da gauraka.

Abin ya samo asali tun da daɗewa. Likita Hua Tuo, wanda ya rasu a shekara ta 208, ya koyar da motsa jiki na dabbobi biyar, kuma biri na cikinsu. A ƙarni na 16, janar Qi Jiguang ya ambaci damben biri a littafinsa na horon sojoji. A wannan ƙarni ne kuma labarin Sun Wukong, sarkin birai mai sanda, ya bazu ta littafin Tafiya zuwa Yamma, ya ƙara ma wasan farin jini.

Sirrinsa yaudara ce da sauri. Ɗan wasan yana yin ƙasa-ƙasa don ya yi wuyar duka, ya yi birgima, ya ja da baya kamar ya tsorata, sannan ya kai hari da yatsu ga ido, maƙogwaro ko gwiwa. Gwanaye kan kafa sanda a ƙasa su ɗare kanta kamar biri bisa icce. A Hong Kong akwai makarantar da ta kasa shi gida biyar: biri bugagge, ɓatacce, na dutse, na icce da dogo. Fim ɗin Mad Monkey Kung Fu na Lau Kar-leung, a 1979, ya kai shi ga ƴan kallo a duniya.

Amma akwai gardama. Tun shekarun 1950 gwamnatin Sin ta mayar da wushu wasan gasa, inda alƙalai ke ba da maki kan tsalle da kyan motsi. Masu suka na cewa wannan ya sa faɗan ya koma rawa. Zancen ya yi zafi a 2017, lokacin da ɗan damben zamani Xu Xiaodong ya kayar da wani malamin taici cikin ƴan daƙiƙoƙi. Magoya bayan gargajiya kuwa na cewa ba a auna al'ada da bugu ɗaya, domin akwai lafiyar jiki, ladabi da tarihi a cikinta.

Ko ma mene ne, wushu na ƙara samun gindin zama. A 2020 kwamitin Olamfik na duniya ya amince a saka shi cikin wasannin matasa na Dakar na 2026. Sai dai malamai na gargaɗi: wuntsilawar da ake gani a fim ta ci shekaru ana horo, kuma yaron da ya gwada ta ba tare da malami ba na iya karya wuya.