Parke ya kumbura kafin damina ta wuce: wa zai biya?

Karo ya fara samun kishiya a sababbin gidajenmu na Sokode da Dapaong. Shi ne daɓen nan da 'yan kasuwa ke kira parke, mai kama da katako, wanda ake jerawa allo-allo ba tare da siminti ba. Yana da kyan gani, kuma a yini ɗaya ake gama ɗaki. Sai dai ba katako ba ne na gaske. Garin itace ne da aka matse, aka lulluɓe shi da takarda mai hoton katako. Da ruwa ya shiga cikinsa sai ya kumbura, kuma ba ya komawa yadda yake.

A Sokode na ga ɗakin wata amarya 'yar uwata, wata biyu kacal da shimfiɗa shi, bakin allunan ya tashi kamar gurasa. Da mahaifinta ya koma shagon, sai aka ce masa: "Alhaji, ai kayanmu lafiya lau suke, mai aikinka za ka tambaya." Mai aikin kuma ya rantse kayan ne na banza. Haka aka yi ta jefa shi tsakaninsu.

Kafin a yi faɗa, sai a gano inda laifin yake. Idan daɓen ya yi tozo a tsakiyar ɗaki, yawanci mai shimfiɗawa ne bai bar tazarar milimita 8 zuwa 10 a jikin bango ba, wadda allunan ke buƙata don su motsa. Idan ya shimfiɗa kan simintin da bai bushe ba, ko bai sa leda a ƙasa ba, nan ma nasa ne. Ya kamata kuma a ajiye kwalayen a cikin ɗakin na awa 48 kafin a fara aiki, musamman a Dapaong, inda kayan da suka taso daga danshin Lome ke tarar da busasshiyar iskar hunturu. Amma idan fatar saman ce ke ɓarewa, ko haƙoran allunan suna karyewa a hannu, to kayan ne. In kuwa ana kwara masa bokitin ruwa kullum safe kamar yadda muka saba da karo, gaskiya ba wanda za a kama.

Doka ba ta bar mai saye hannu rabbana ba. Sashe na 1641 na dokar Code civil ya ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibin da ya hana kaya amfani. Sashe na 1644 ya ba mai saye zaɓi: ya mayar da kayan ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe a rage masa wani abu. Malamanmu sun daɗe da sanin wannan a babin ciniki, suna kiransa khiyarul aibi. Sharaɗin dai kada a yi jinkiri.

Ɗan kasuwar da ya saro don ya sayar, nasa lissafin daban ne. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda aka sabunta a nan Lome ranar 15 ga Disamba 2010, ta ba shi wata ɗaya bayan isowar kaya ya sanar da aibin da ido ke gani, da shekara ɗaya ya kai ƙara kan ɓoyayyen aibi daga ranar da ya gano shi. Masu shaguna a arewa da ke cewa "mu ma haka aka sayar mana" su sani suna da inda za su koma.

Inda muke faɗuwa shi ne takarda. Muna ciniki da amana, muna jin kunyar neman faktir daga wanda muke sahu ɗaya da shi a masallaci. Ni a ganina wannan kunyar tsada gare ta. A karɓi faktir mai ɗauke da sunan kayan da yawan mita, a ajiye kwali ɗaya da lambarsa, kada kuma a biya mai aiki duka kuɗinsa sai an zauna a ɗakin kwana biyu. Idan matsala ta fito, a ɗauki hoto, a rubuta wa mai shago, ko da ta WhatsApp ne, kuma kada a ɓamɓare daɓen kafin ya zo ya gani.

In magana ta ƙi, dattawan Zango kan sasanta irin wannan. Akwai kuma ƙungiyoyin masu saye irin su ATC da LCT, da ofishin ma'aikatar kasuwanci na yanki. Kafin a je kotu, a kira huissier ya rubuta abin da ya gani da idonsa. Aikinsa da kuɗi, don haka a fara auna shi da kuɗin daɓen.