Labarin 'Yan Aiken da Aka Tura Bisa Tauraro Mirrihu

Malaman hisabi tun zamanin dā sun ƙidaya taurari biyar masu tafiya cikin burujai, watau Uɗaridu da Zuhura da Mirrihu da Mushtari da Zuhalu. Mirrihu shi ne jan nan da a kan gani da dare kamar garwashin wuta, Turawa suna ce da shi Mas. Ba shi da hasken kansa, hasken rana ne ya ke mayarwa. Duniya ce kamar wannan, mai duwatsu da rairayi, faɗinsa wajen rabin na ƙasa. Jan da ke gare shi tsatsar ƙarfe ce da ta gauraya da turɓayarsa. Yininsa da darensa sa'a 24 ne da minti 39, shekararsa kuwa kwana 687. Iskarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin iskar ƙasa ba, ga tsananin sanyi, saboda haka ruwa ba ya iya kwanciya a bisansa yanzu.

Tambayar da ta dami masu bincike ita ce: shin an taɓa yin ruwa a can? In kuwa an yi, ko wani abu mai rai ya zauna cikinsa? Tun da ya ke har yau ba ɗan Adam da ya taka wurin, sai suka shiga aika na'urori iri biyu. Na farko kumbo ne wanda ba ya sauka, sai ya yi ta kewaya tauraron yana duban ƙasa daga sama. Na biyu mota ce mai ƙafa shida, ba direba a ciki, tana tafiya tana duba duwatsu. Misalinsu kamar jagaba da ayari: jagaba yana gaba yana duba hanya da mashaya, ayari yana biye da kaya. Kumbon nan kuma shi ke karɓar yawancin saƙon motar ya miƙo ƙasa.

A 1965 kumbon Amurka mai suna Mariner 4 ya gifta kusa da Mirrihu, ya aiko da hotuna ashirin da 'yan kai, ba a ga kome ba sai ramuka da fako. A 1971 Mariner 9 ya shiga kewaya shi. Ya tarad da ƙura ta rufe ko'ina, ya jira har ta lafa, sa'an nan aka ga manyan duwatsu da kwazazzabai, da waɗansu hanyoyi masu kama da busassun koguna. Daga nan zaton ruwa ya yi ƙarfi.

Tafiyar ba ta da sauƙi. Sau ɗaya cikin wata 26 hanya ta kan yi daidai, kumbo kuma ya kan yi wata bakwai ko kusa da haka kafin ya isa. Kuskure kaɗan ya isa ya halaka dukiya mai yawa. A watan Satumba 1999 an yi hasarar wani kumbo mai suna Mars Climate Orbiter, dalili kuwa saɓanin awo ne. Waɗanda suka ƙera shi suna ba da lissafin ƙarfin injinsa da awon laba, masu tuƙa shi suna ɗauka awon Faransa ne na kilo da mita, alhali ɗaya na wancan ya fi huɗu na wannan. Kowa ya yi lissafinsa daidai, amma ba mudu ɗaya suka auna da shi ba. Kumbon ya gangara ƙasa fiye da kima, iskar tauraron ta cinye shi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Cikin dukan motocin da aka aika, wadda labarinta ya fi ban mamaki ita ce Opportunity. Wani kumbo mai kewaye ne ya fara hango wani ma'adinin ƙarfe a wani fili da a ke kira Meridiyani, irin wanda galibi cikin ruwa ya ke samuwa, sai aka zaɓi wurin. Ta sauka a watan Janairu 2004, a naɗe cikin jakunkunan iska, ta yi ta tsalle kamar ƙwallo har ta gangara cikin wani ɗan rami. Da ta buɗe idonta sai ga dutse hawa-hawa a gabanta, cike da 'yan duwatsu masu kama da tsakuwar carbi. Da aka gwada su aka iske su ne ma'adinin nan, kuma ruwa mai gishiri da tsami ne ya taɓa jiƙa dutsen.

Kwana 90 na Mirrihu aka yanka mata, domin da hasken rana ta ke aiki, ana zaton ƙura za ta rufe faifan da ke bayanta ta mutu. Sai ya zamana iska ta kan taso lokaci lokaci ta share mata ƙurar. Tuƙa ta kuwa sai da haƙuri, gama saƙo ya kan yi tsakanin minti 3 da minti 22 kafin ya isa, gwargwadon nisan tauraron a lokacin. Ba dama a ce mata tsaya in ta nufi rami. Sai masu aikin su zauna su duba hotunan jiya, su rubuta mata umurnin yini guda, su aika, su jira. A 2005 ta kafe cikin tudun rairayi. Suka zuba irin rairayin a ma'aikatarsu da ke Kalifoniya, suka sa wata mota irinta a ciki, suka yi ta gwaji har suka gane dabara, bayan mako biyar ta fita. 'Yar'uwarta Spirit, wadda ta sauka can wani gefen a watan guda, ita ma ta kafe a 2009, amma ba ta fita ba, aka daina jinta a 2010.

Wani kumbo da ya isa a 2006, wanda madubinsa ke iya rarrabe abu mai girman tebur daga sama, ya hango alamar yumɓu a bakin wani babban rami mai faɗin kilomita 22. Aka juya akalar Opportunity can, ta yi shekara uku tana tafiya, ta isa a 2011. Ta sami yumɓun, wanda ya nuna an taɓa yin ruwa marar tsami a wurin, irin wanda rai zai iya zama cikinsa.

A 2018 wata ƙura ta taso ta lulluɓe tauraron duka, rana ta zama dare. Ran 10 ga Yuni ta aiko da saƙonta na ƙarshe. Aka yi mata kira fiye da sau dubu ba amsa, ran 13 ga Fabrairu 2019 aka sanar aikinta ya ƙare. Ta yi shekara goma sha huɗu da 'yan watanni, ta ci kilomita 45, tafiyar da ayarin jakuna zai yi cikin kwana biyu.

Motocin Amurka da suka biyo bayanta an sa musu wutar nukiliya, don kada ƙura ta kashe su. Curiosity ta sauka a 2012, ta tabbatar da cewa ramin da ta ke ciki tafki ne a dā. A 2021 baƙi uku suka isa kusan tare: kumbon Daular Larabawa mai suna Amal, wanda aka aika don nazarin iska da yanayi, da motar ƙasar Sin mai suna Zhurong, da motar Amurka Perseverance. Wannan ta ƙarshe ta je da ɗan jirgi mai saukar ungulu, wanda ya tashi sau 72 kafin fiffikensa ya karye a 2024.

Maganar ruwa dai ta tabbata: an yi koguna da tafkuna bisa Mirrihu shekaru fiye da miliyan dubu uku da suka wuce. Maganar rai ita ce ba a warware ba. A 2024 Perseverance ta sami wani dutse mai ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa, irin alamar da ƙananan halittu kan bari, amma sinadari ma yana iya yin irinta ba tare da rai ba. Masanan suka ƙi yanke hukunci da shaida ɗaya. Motar ta haƙo ɓallin dutsen ta rufe cikin gwangwani tare da waɗansu, ana jiran ranar da za a sami kuɗi da dabarar ɗauko su a kawo ƙasa, a gwada su da hannu. Har yanzu suna can.