Tseren mata ba tare da taron jama'a ba: abin da korona ta koya mana

Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA) a cikin tafiya, ta tsere masa. Bayan wasu shekaru, da ta yi jiki, suka sake, shi kuma ya tsere mata. A karo biyun sai da ya umarci sahabbai su yi gaba, suka rage su biyu. Ke nan gudun mace ba aibi ba ne. Abin da shari'a ta kiyaye shi ne idon da zai kalle ta.

Mun kawo wannan ne domin a Gusau, Tsafe da Bunguɗu, iyayenmu mata da 'ya'yanmu na fama da hawan jini, ciwon suga da ciwon gwiwa, likita ya ce a motsa jiki, amma ba wurin da za a yi. Filin wasa na Sardauna maza sun cika shi, bayan gari kuwa matsalar tsaro ta hana ko namiji sakewa.

Akwai wani wasa mai zango uku: ninƙaya, tseren keke, sannan gudu, a jere ba hutu. Ya shiga gasar Olamfik a Sidni a shekarar 2000, da kilomita 1.5 a ruwa, 40 a keke, 10 a ƙasa. Ana ganin ba na mai hijabi ba ne, sai Shirin Gerami 'yar Iran ta shiga gasar duniya a Landan a 2013 cikin cikakkiyar sutura.

Da korona ta ɓulla, ta iso Najeriya a Fabrairun 2020, aka rufe makarantu, aka ɗage Olamfik ta Tokyo zuwa 2021. Masu shirya tsere a ƙasashe da dama ba su naɗe hannu ba. Suka ce kowa ya yi nasa a inda yake, ya auna nisa da lokaci da wayarsa, ya aika. Inda aka taru kuma, aka daina sakin mutane gaba ɗaya, sai kaɗan-kaɗan, da tazara.

Abin da annoba ta tilasta musu shi ne abin da muke bukata: gasa ba 'yan kallo, ba cakuɗuwa, ba doguwar tafiya. Muna da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a Gusau, wadda mata zalla take ɗauka, ga makarantun 'yan mata masu katanga. A ware safiyar Asabar, mata su tsare ƙofa, mata su riƙe agogo, a ajiye ma'aikaciyar jinya, a hana ɗaukar hoto. Tun da wurin ninƙaya keɓantacce yana wahala, a fara da tafiyar sauri, keke da gudu. A yi rukuni ga dattijai, da masu shayarwa, da masu lalurar ƙafa, kada a ce sai mai ƙarfi. Matan Tsafe da Bunguɗu su yi a garuruwansu, a haɗa sakamako ta waya.

Maigida da ya hana fita saboda kishi, muna fahimtarsa. Amma lafiyar matarsa amana ce da za a tambaye shi a kanta. Allah Ya ba mu ikon sauke ta.