Tafkin Kainji: Wane ɓangare ya dace ka sayi gida?

Wanda ya je bakin Tafkin Kainji a watan Janairu, hunturu ya kankama, zai tarar da ruwa ya cika ya batse, jiragen masunta na ɗaure dab da gidaje.

Idan ya koma wurin a watan Yuli, lokacin da ake tsakiyar damina, zai iya rantsewa ba nan ba ne. Ruwan ya janye, ya bar fili mai laka da ciyawa, sai an yi tafiya kafin a kai inda jirgi yake.

Baƙi da yawa ba su san haka ba: tafkin ya fi cika da hunturu, ya fi ƙafewa a farkon damina zuwa tsakiyarta. Mai neman gida ko fili da ya ga wuri sau ɗaya ya biya kuɗi, rabin labarin kawai ya gani.

Ma'aikacin da ya kusa ritaya, ɗan kasuwar kifi ko albasa, da mai sha'awar noman rani duk sukan yi tunanin mallakar muhalli a yankin. Sai dai cewa "bakin tafki" bai wadatar ba. Tafkin yana da tsawon kusan kilomita 135, ya ratsa jihohi biyu, Neja da Kebbi, kuma kowane ɓangare da irin rayuwarsa.

Dalilin da ruwan ke tafiya yana dawowa

Kainji ba tafki ne na asali ba. An same shi ne bayan da aka datse Kogin Neja, wanda Hausawa ke kira Kwara, da madatsar da aka fara ginawa a 1964 aka kammala a 1968. Idan ya cika, faɗinsa yakan kai kusan murabba'in kilomita 1,300.

Ruwa na shigo masa kashi biyu a shekara. Na farko shi ne farin ruwa, mai laka, wanda daminar yankin ke kawowa daga watan Agusta zuwa Oktoba.

Na biyu shi ne baƙin ruwa. Wannan ruwan sama ne da ya sauka a tsaunukan ƙasar Gini, ya bi ta fadamun Mali ya daɗe a can, lakarsa ta kwanta, sannan ya ratso Nijar ya iso Najeriya daga Disamba zuwa Fabrairu.

Daga nan kuma injinan samar da lantarki na ci gaba da jan ruwa har tsawon bazara, alhali abin da ke shigowa ya ragu. Bambancin da ke tsakanin cikar tafkin da ƙafewarsa yakan kai kusan mita 10 a tsaye.

A inda gaɓa ke da tudu da duwatsu, wannan ba ya sauya komai sosai. A inda ƙasa take shimfiɗe kuwa, ruwa na ja da baya da nisa, ya kuma dawo ya mamaye abin da ya bari.

Kudu: New Bussa da kewayen madatsa

Wanda yake son zama irin na gari, da makaranta da asibiti da banki a kusa, kudancin tafkin zai fara dubawa.

New Bussa, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Borgu kuma mazaunin Sarkin Borgu, gari ne da aka zana a takarda kafin a gina shi. An kafa shi ne domin mutanen tsohuwar Bussa da ruwa ya cinye, garin da Bature mai yawon bincike Mungo Park ya mutu a kusa da shi a 1806. Kimanin mutum 44,000 aka sauya wa matsuguni a faɗin yankin saboda tafkin.

A garin akwai Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa, wato NIFFR, da kwalejin tarayya ta koyar da harkar kifi, da ta kula da namun daji. Akwai sansanin sojin sama a Kainji da barikin sojin ƙasa a Wawa.

Ma'anar wannan ga mai sayen gida ita ce akwai ma'aikata da ɗalibai masu neman haya. Wanda yake son gidan da zai riƙa kawo masa kuɗi duk shekara, a nan ya fi samun tabbas.

Amma garin ba a bakin ruwa yake ba. An gina shi a kan tudu, da tazara tsakaninsa da tafkin. Mai burin buɗe taga ya ga ruwa ba zai samu haka a cikin gari ba, sai dai kuma ba zai kwana da fargabar ambaliyar tafki ba.

Akwai wani abin lura. Gidajen da gwamnati ta gina wa waɗanda aka tayar a ƙarshen shekarun 1960 an rufe yawancinsu da kwanon asbesto. Sun haura shekara 50, kuma ƙurar asbesto na da illa ga huhu idan ya farfashe. Mai sayen irin wannan gida ya sa kuɗin sauya rufi a lissafinsa.

Filayen da ke dab da madatsar kanta kuwa suna ƙarƙashin gwamnatin tarayya da kamfanin Mainstream Energy Solutions, wanda ke gudanar da tashar tun 2013. Duk wanda ya yi maka tayin fili a nan, ka bincika sau biyu.

Arewa: Yauri, inda kasuwa take

A can ƙarshen arewa, inda tafkin ya tsuke ya koma kamar kogi, garin Yelwa yake, wanda aka fi sani da Yauri, a Jihar Kebbi.

Babban abin da Yauri ta fi sauran da shi shi ne hanya. Babban titin da ya taso daga Kontagora zuwa Koko da Jega har Sakkwato ta nan ya bi. Kifi da albasa da shinkafa na fita daga nan zuwa kasuwannin ƙasar nan.

Bahaushen da ya fito daga Sakkwato ko Zamfara ko Kano ba zai ji baƙunta sosai ba, domin Hausa ce harshen kasuwa da na unguwa. Tsohuwar masarauta ce mai bikin Rigata, inda ake tseren jirage da wasannin ruwa.

Ba kamar New Bussa ba, Yauri a bakin ruwa take. Wannan ne daɗinta, shi ne kuma haɗarinta. A shekarar da damina ta yi ƙarfi, farin ruwa ya tarar da tafkin ya kusa cika, unguwanni da gonakin da ke kwari ne ke fara shan wahala.

A Yauri, farashin fili ba shi ne tambayar farko ba. Tambayar farko ita ce tudu ne ko kwari.

Tsakiya: inda kifi da noman rani suke

Tsakiyar tafkin ce ta fi faɗi. Wanda ya tsaya a wannan gaɓa da ƙyar yake hango waccan. A nan tsibirin Foge yake, wanda ruwa ya cinye mafi yawansa.

A gabas akwai Warra da garuruwan Ƙaramar Hukumar Ngaski a Kebbi. A yamma akwai Malale da Shagunu a Borgu, sai ƙasar Agwara idan aka ƙara yin arewa. Tsakaninsu akwai tungayen masunta masu yawa.

Wannan yanki na Gungawa ne da Kambari da Lopawa da Bussawa, tare da Sarkawa masunta da suka daɗe da zama. Ana kama ƙarfasa da tarwaɗa da giwar ruwa, da kuma warangi, ƙananan kifin nan da ake shanyawa a rana.

Ga manomi, albarkar wurin tana cikin janyewar ruwan. Inda tafkin ya bari yana riƙe da danshi, ana shuka a kai ba tare da an jira ruwan sama ba.

A nan ne kuma tarkon yake. Wannan fili mai kyau da ake nuna wa baƙo a watan Yuni ƙasan tafki ne. Gona ce ta wani lokaci, ba wurin aza harsashin gini ba, kuma galibi akwai iyalan da suka gaji noman wurin, ko da babu takarda a hannunsu.

Fili ya fi araha a tsakiya, amma ana biyan bambancin ta wata hanya: nisan asibiti, lalacewar hanya da damina, da dogaro da jirgin ruwa.

Gaɓar da jirgi ne hanyarta

Idan garin da ka zaɓa sai an hau jirgi ake zuwa kasuwa ko asibiti, to wannan tafiya ta zama wani ɓangare na gidanka.

A ranar 26 ga Mayu 2021, wani jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya nutse kusa da Warra, kuma kaɗan ne suka tsira. A watan Satumba 2025, wani jirgin ya daki kututturen itace a ƙarƙashin ruwa a Gausawa da ke Borgu, gomman mutane suka rasu.

Kututturan nan na itatuwan da ruwa ya binne ne tun lokacin da aka cika tafkin. Idan ruwa ya sauka, sukan matso kusa da sama ba tare da an gan su ba. Haka kuma iskar hadarin farkon damina na tayar da igiyar ruwa mai ƙarfi a tsakiya, inda babu abin da zai tare ta.

Mai iyali, musamman mai mace mai juna biyu ko tsofaffi a gida, ya tambayi kansa: idan larura ta taso da tsakar dare, ta ina za a bi?

Maganar tsaro

Ba a zaɓar wurin zama a wannan yanki yanzu ba tare da an yi maganar tsaro ba.

Gandun Dajin Kainji, musamman ɓangarensa na Borgu da ke yamma, ya miƙe har kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, kuma a 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun samu mafaka a cikinsa. A watan Nuwamba 2025 aka sace sama da mutum 200, yawancinsu ɗalibai, daga wata makarantar kwana a Papiri da ke Agwara.

Gabas ma ba ta tsira ba. A watan Yuni 2021 aka sace ɗalibai da malamai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri.

Manyan garuruwa sun fi ƙauyukan bakin daji samun kariya, amma lamarin na sauyawa daga wata zuwa wata. Direbobin tasha da 'yan kasuwar da ke bin hanyar kullum sun fi dillali sanin wace hanya ake bi da yamma, wacce kuma aka daina.

Ruwa a ƙofar gida, cuta a kusa

Ruwan da ba ya gudu, mai ciyawa a gefe, shi ne mazaunin dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Yaran da ke wanka da wasa a bakin tafki ne suka fi kamuwa, alamarta kuma ita ce fitsarin jini.

Sauro ma ya fi yawa a inda ruwa ya janye ya bar kududdufai. Gidan da ke kan tudu, mai rijiya ko burtsatse, ya fi wanda ke dogaro da tafkin domin sha da wanka, ko da kuwa ya fi shi nisa da ruwa.

Takardu: jiha biyu, ofis biyu

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna. Filin birni gwamna ke ba da takardar mallakarsa, na karkara kuma ƙaramar hukuma na iya bayar da takardar izinin zama. Sayar da fili mai takardar gwamna na buƙatar amincewarsa.

Saboda haka filin New Bussa ko Malale a Minna ake tabbatar da shi, na Yauri ko Warra kuma a Birnin Kebbi. Shaidar mai unguwa da hakimi na da muhimmanci, domin su suka san asalin wuri da magadansa, amma ba ta maye gurbin takardar hukuma.

Akwai kuma dokar Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, ta 1997, wadda ta ba hukumar iko a kan fili har mita 100 daga bakin hanyoyin ruwan tarayya. Gini a cikin wannan tazara ba tare da izininta ba na iya jawo rigima daga baya.

Kafin ka miƙa kuɗi

Ka ziyarci wurin sau biyu: a Yuli da ruwa ya ƙafe, da kuma tsakanin Oktoba da Janairu da ya cika.

Ka dubi jikin bishiyoyi da bangon tsofaffin gidaje, ruwa na barin shaida a inda ya taɓa kaiwa. Ka tambayi dattawan wurin inda ya tsaya a 2012 da 2020 da 2022, shekarun da aka yi babbar ambaliya a yankin.

Idan da hali, ka kama haya na shekara guda tukuna. Kuɗin hayar bai kai asarar gidan da ruwa ya shiga ba.

Mai neman kwanciyar hankali da kuɗin haya, New Bussa ta fi masa. Ɗan kasuwa mai buƙatar mota a ƙofa, ya nemi tudu a Yauri. Masunci da manomin rani kuwa tsakiya ce tasu, da sharaɗin gona a kwari, gida a tudu.

Mutanen da suka gaji wannan ruwa tun kafin a yi madatsa haka suke yi. Bukkar da ake kwana a cikinta lokacin su ko noma tana bakin ruwa, an kuma san za a tashe ta idan ruwa ya dawo. Gidan iyali kuwa yana can sama, inda ruwan bai taɓa kaiwa ba.